Mariƙin Kawu Barau

Da hantsi Kawu Barau ya shigo rumfata,
da wani abu ƙunshe a tsumman rawani.
Ya ajiye a kan gungumen da nake sara,
ya ce, "Ga abin da Nuraddin ya aiko daga Jidda.
Keken naɗe zaren fatsa ne, wai.
Kyau kam ya yi kyau.
Sai dai ba da hannuna aka auna shi ba."

Na kwance. Ƙarfe na ƙyalli kamar bayan ƙarfasa,
mariƙin kuwa ɗan roba, bai kai dabino ba,
na yatsun da suka saba da biro.
Sai na dubi hannun Kawu.
Shekara hamsin igiyar taru tana cin rabonta a ciki.
Manuniya ta karkace tun da ƙayar kurungu ta shige ta,
ƙaramin yatsa kuma, rabinsa yana can
ƙarƙashin madatsar Sinnar.

Ban nemi ma'auni ba.
Na aiki yaro bakin Nilu ya ɗebo yumɓu,
na cura, na sa masa a tafi,
na ce, "Matse, kamar giwan ruwa ne ya fizga."
Ya matse har jijiyar wuyansa ta miƙe.
Da ya buɗe, ga hannunsa kwance a laka:
kwari uku, da tudu,
da wani fili da babu abin da ya taɓa shi.

Aduwa na fara ɗauka, ta tsage a sara na biyu.
Sai na tuna guntun bagaruwa a bayan rumfa,
haƙarƙarin tsohon jirginsa da ambaliya ta farfasa,
wanda Ladidi ta daɗe tana yi wa kallon makamashi.
Icen da ya kwana a ruwa shekara ashirin
ba ya tsoron jiƙa.

Zarto ya yi ta ƙorafi.
Gizago ya fi ƙarfin aikin, na koma wuƙa.
In fere kaɗan, in dubi yumɓu, in sake ferewa.
Jabana ta huce a gefena sau biyu.
Ladidi ta ce, "Turmi guda kwana biyu kake yi.
Wannan da bai kai ƙwan agwagwa ba
ya ci maka uku."
Ban amsa ba, ina kan gurbin babban yatsa,
kuma nan ne wuƙa kan yi ƙarya.

Na gasa ƙusa a garwashi na huda cibiya,
hayaƙin ya taso da warin kogi.
Na yanko zobe daga bututun tsohon risho
don kada ƙarfe ya ci ice.
Na kankare da fasasshiyar kwalba, na bi da rairayi,
na shayar da shi man riɗi dare guda
har ya yi ja kamar shayin bayan magariba.
Inda yatsan nan ya guntule
na bar ɗan tudu, ban gaya wa kowa ba.

Kawu ya riƙe. Ya juya sau ɗaya, ya juya baya.
Ya ce, "Nan yana cizo."
Na rage abin da bai kai ɓawon albasa ba.
Ya sake juyawa, ya daɗe.
Guntun yatsan ya lalubi tudun, ya zauna.
Bai ce komai ba, ya naɗe cikin tsummansa ya fita.

Washegari, kafin Mai Wurno ta gama farkawa,
na tarar da tarwaɗa biyu rataye a ƙofar rumfa,
ɗaya tana motsi.

Yumɓun yana nan a kan taga, ya bushe, ya fara tsagewa.
Wani lokaci, in babu kowa,
nakan sa hannuna a ciki.
Har yanzu ya yi mini yawa.